Shekarar da Surukina Ya Taimake Ni

Ku gyara zama, samari, ku kau da wayoyin nan daga fuskata. Tun ɗazu nake jin ku a bakin shagon nan kuna cewa noman oganik shi ne noman da ba a sa komi, wai ka shuka ka koma gida ka miƙe ƙafa, in kaka ta yi Hajiyoyin Kano su turo mota su kwashe da tsada. Wallahi da haka ne da ban tsufa da wuri ba. Ku dubi bayan nan nawa da kyau, ba a lanƙwashe aka haife ni ba.

Taki na fara koyo, kuma a hannun Bafulatani na koya. Ardo Buba ne, mai rugar nan ta wajen Rimaye. Da rani yakan sauko da shanunshi su zauna a gonarmu ta Dudunni, mu ba shi harawa da karan dawa, su kuma su bar mana abin da suka bari. To ni a lokacin na ɗauka kashin shanu duk ɗaya ne. Ardo ya kai ni gaban wani tsibi da aka rufe da ƙasa, ya ce in naɗe hannun riga in tura hannu ciki har kafaɗa. Na dube shi, ya dube ni. Na tura. Ya ce, “Mi ka ji?” Na ce zafi. Ya ce, “To bai nuna ba. Ka zuba wannan a gindin shuka, ka ƙone ta da hannunka.” Haka na riƙa zuwa ina tura hannu har ranar da na ji sanyi, takin ya yi baƙi, yana marmashewa, warin ya koma na ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Shi ne kuma ya koya mani matsar da turakun shanu daga kusurwa zuwa kusurwa, don kar gefe guda ya ƙoshi gefe guda ya kwana da yunwa.

Daga nan sai jigila. Mangala biyu, jaki guda mai taurin kai, daga juji zuwa gona, daga gona zuwa juji. Duk wankan da zan yi, warin takin nan yana bi na. A masallacin unguwarmu ni kaɗai nake samun sahu mai faɗi, kowa na cewa, “Malam Lawal, shiga gaba, ai akwai wuri.”

Maganin ƙwari kuma da kanmu muke haɗawa. 'Ya'yan bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, za ka tsinto ka shanya, ka daka, ka jiƙa ya kwana, ka tace da tsumma, ka ƙara barkono da ɗan sabulu don ya kama ganye. Ranar farko da na haɗa, na rasa turmi, na ɗauki na matata Abu, na daka na wanke na maida shi mazauninshi kamar ba a yi ba. Furar da aka dama a gidanmu makon nan ko karen maƙwabta bai sha ba. Abu kuwa ta riƙa cika mani ƙwarya tana tsaye a kaina har in shanye. Tun daga nan na sayi turmina, kuma yana zaure, ba ya shiga cikin gida.

Kuma shi ruwan bedi ba kashe ƙwaro yake nan take ba, ɓata mashi rai yake har ya ƙaura. Ruwan sama ya sauka ya wanke, ka koma ka sake. Wanda ya yi feshin kanti yana gindin bishiya yana shan rake, kai kana duƙe kana juya ganyen wake ɗaya bayan ɗaya kana neman ƙwan tsutsa.

Sai masu saye. Akwai wata Hajiya mai shagon abinci a Kano, ita ke ɗaukar wakenmu da riɗi. Mace ce mai kirki, amma abin da take so ko ni ban san inda ake samunshi ba: waken da magani bai taɓa ba, kuma ƙwaro bai taɓa ba. Ta ga huda guda a ƙwaya ta kira ni a waya tana salati. Sannan duk motar da ta isa sai an ɗebi samfur an kai ɗakin gwaji. In aka ga burbushin magani a buhu guda, to motar gaba ɗaya za ta juyo, da nawa da na kowa, har da na zawarawan da ke noma 'yar gayauna a bayan gida, waɗanda da kuɗin waken nan suke fita shekara. Ku riƙe wannan a ranku, don a kanshi komi ya tsaya.

Shi ya sa muka kafa ƙungiya, manoman Kankia da na Kusada, kuma aka ɗora mani shugabanci. Kada ku ɗauka don ƙauna ne. Aikin shugaba shi ne ya riƙa yawo gonakin mutane yana shinshina ganye, yana leƙa bayan rumbu ko zai ga kwalbar magani, kuma ba wanda yake son a tsane shi haka. Ni da dama ba a zama kusa da ni, sai aka ce ni na dace.

Na kau ɗauki abin da zafi. Akwai wani Sale, mutumin garin Boko, da na kama ya yi feshi a ɓoye. Na tara jama'a a ƙofar gidan mai unguwa, na yi jawabi har da ɗaga yatsa. A ranar na kawo doka da bakina: duk gonar da ta sha magani ta fita daga ƙungiya sai ƙasarta ta huce, kuma a gaban taro za a faɗi sunan wanda ya fesa, kowane ne shi. Aka yi tafi. Sale ya kakkaɓe rigarshi ya ce, “Shugaba, Allah ya ja kwana.” Da na san yadda yake nufi da na ce ba amin ba.

To, shekarar da ba zan manta ba. Damina ta yi kyau, wake ya fara fure, sai tsutsa ta sauka kamar an aiko ta. Ina sauri da jarkokin ruwan bedi a bayan babur, na shiga yashi a kwanar shiga Dudunni, babur ya yi gabas ni na yi yamma, ƙafar dama ta karye. Maɗori ya ɗaure ni da karare ya ce kar in kuskura in taka. Ina kwance a zaure, rai na gona, ina jin kamar ina jiyo ƙarar cin ganyen.

A nan surukina ya shigo labari. Baba Mani, mahaifin Abu, dattijo ne mai son mutane, irin wanda in ya ji kana tari zai aiko da magani kala uku. Kun san tsakanin mutum da surukinshi: ka durƙusa, ka gaida, ka dubi ƙasa, ka tashi. Tunda na auri ɗiyarshi ban taɓa yi mashi magana mai tsawon da za ta kai bayanin oganik ba. Ashe shi duk shekarun nan yana kallona da jaki da 'ya'yan bedi yana tausayi. A ganinshi talauci ne ya hana ni sayen magani, nake ɓoye shi da sunan ƙungiya, kuma ya rasa hanyar da zai taimaka ba tare da ya kunyata ni ba. Karayar nan tawa ta buɗe mashi ƙofa.

Wata safiya sai ga sallamarshi. Na yunƙura zan durƙusa da ƙafa guda, ya ce, “Kwanta, kwanta, ɗan nan.” Ya zauna yana murmushi, rigarshi na tashin wani wari da hancina ya sani tun daga nesa, don shi nake farauta a gonakin mutane. Ya ce, “Ka kwantar da hankalinka. Gonarka na gama da ita jiya. Tun daga bakin hanya har iyakar tsamiya, ba ganyen da bai sha ba. Ka ga tsutsa na zubowa kuwa? Kamar ana kaɗa magarya.”

Na ce, “Baba… da mi?”

“Da mai ƙarfin. Na ce a ba ni wanda ya fi kowane. Kada ka yi zancen kuɗi, ban son ji. Kuma ka gode wa yaron kirkin nan na Boko, Sale. Ina faɗa mashi gonar wa za a fesa, ya ɗauko injin feshi ya ba ni kyauta, shi ya ma haɗa mani. Har rako ni ya yi.”

Samari, na ji zafin karaya, amma bai kai wannan ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Kuma kun san abin da na ce? Na dubi tabarma na ce, “Allah ya saka da alheri, Baba. Allah ya ƙara girma.” Ya ce amin, ya tashi yana jin daɗi.

Yana fita na ƙwala wa Abu kira. Na faɗa mata, ta dafe ƙirji, sannan ta juya baya kafaɗunta na rawa. Na ce, “Dariya kike?” Ta ce, “Kuka nake, Malam.” Ƙarya take. Na ce ta je ta yi mashi bayani, ai ubanta ne. Ta ce, “Ni? In ce wa Baba alherinshi ɓarna ne? Kai ne shugaba, ai ka iya jawabi.”

Wake kau ya yi, abin haushi. Ban taɓa ganin gonar nan ta cika haka ba. Baba duk wanda ya gani a kasuwar Kankia sai ya ja shi gefe ya ce ya je ya ga gonar mijin Abu bana. Kafin in fara dogara sanda, babu wanda bai sani ba, kuma babu wanda ya ce mani komi. Sai masu zuwa dubiya su zauna su yi ta zagaye. Wani daga cikin manyan ƙungiya ya matso kusa da kunnena ya ce, “Shugaba, an yi ruwa sosai bayan nan, ai ya wanke. A cakuɗa da na jama'a, wa zai gane? Dattijo ne, kar a tozarta shi.” Ba zan ɓoye maku ba, maganar ta yi mani daɗi a kunne. Amma da na rufe ido sai in ga motar nan ta juyo daga Kano, da matan nan tsaye a bakin hanya suna kallon buhunansu ana saukewa. Na ce mashi a kira taro.

Ranar taro na dogara sanda na isa ƙofar gidan mai unguwa. Jama'a sun cika, har da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, don Sale ya yi gayya. Ina ɗaga kai na hango Baba Mani a kan tabarmar gaba, da babbar riga da hula sabuwa. Sale ne ya je har gida ya ce mashi ƙungiya za ta yi maganar aikin da ya yi, shi kuma ya ɗauka godiya za a yi mashi a bainar jama'a. Ardo Buba yana gefe a tsugune da sandarshi a kafaɗa, ya zo jin yaushe za a gama girbi ya sauko da shanu.

Na yi gyaran murya na ce, “Jama'a, gonata ta Dudunni ta sha magani. Wakena ba zai shiga mota ba, kuma gonar ta fita daga ƙungiya sai ƙasa ta huce.” Na yi saurin neman wurin zama.

Sale ya ɗaga hannu cikin ladabi. “Shugaba, Allah ya ba ka lafiya. Ni dai na tuna kamar akwai sauran doka. Kamar an ce a faɗi suna. Kowane ne shi, in ban manta ba. Har da yatsa aka ɗaga.”

Ni da ko a ɗaki ban taɓa kama sunan mutumin nan ba, yau a ce in kira shi a gaban gari a matsayin mai laifi. Gumi ya jiƙa mani hula. Na yanke a raina zan ajiye shugabancin in tafi, su kore ni gaba ɗaya in sun so, amma sunan nan ba zai fito daga bakina ba.

Sai Baba ya miƙe, ya gyara riga, fuskarshi fal annuri. Ya ce, “Ku daina matsa mashi, yaro ne mai kunya. Ni ne! Ni na fesa, da hannuna. Kuma duk wanda bai da hali a cikinku, kar ya ji nauyi, ya zo ya same ni, baɗi in Allah ya kai mu sai in bi gonakin ƙungiyar duka.”

Wata tsohuwa daga bayan katanga ta ce, “Innalillahi!” Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka toshe baki da hannun riga. Baba ya dubi dama ya dubi hagu yana jiran tafi, tafi bai zo ba.

Ardo ne ya cece mu, don shi sa'an Baba ne, kuma bai iya zagaye ba. Bai ko tashi ba ya ce, “Mani, zauna in faɗa maka. Ka ga mace ta ɗauko nono za ta kasuwa, ƙwaryar ba ta cika ba. Kai kuma don tausayi ka lallaɓa ka cika mata da ruwa. Ƙwarya ta cika, amma ta sayu? Yaron nan ba rashi ya hana shi magani ba. Rashin maganin shi ne abin da yake sayarwa. In waken nan ya shiga mota, na matan can duka ya dawo.”

Na ga maganar tana shiga Baba a hankali. Murmushin ya tafi. Ya dubi matan da ke bayan katanga, ya dubi Sale, wanda ya sami wani abu mai muhimmanci yana dubawa a tafin hannunshi, sannan ya dube ni. Wallahi na ji tausayinshi fiye da yadda na ji na kaina, na so ƙasa ta buɗe mu shige tare. Ya ce, “Ɗan nan, haka ne?” Na ce, “Baba, ai… niyya ce Allah ke dubawa.” Ya ce, “Ba wa'azi na tambaye ka ba. Na gode mani ka yi ranar nan kana kwance?” Na ce na yi. Ya girgiza kai ya ce, “Kai ma ka cika wawa.”

Dattijo irinshi ba ya cewa a yi haƙuri a gaban yara, kuma ba wanda ya sa rai. Ya juya ga mai unguwa ya ce, “A shaida. Waken gonar nan duka a kai gidana. Ni na fesa, ni zan ci. Rumbun gerona na gabas nashi ne, ya ciyar da iyali. Kuma sunan da kuke nema kun ji shi daga bakin mai shi, kar wanda ya ƙara tambayar yaron nan.” Ya saɓa rigarshi ya tafi, bai waiwayo ba.

Na ce zan sauka daga shugabanci tunda ba ni da gona a ciki. Sale ne ya fara cewa a'a. Ya ce, “A bar shi. Ni dai na huce. Kuma wanda ya iya fitar da gonarshi, in ya zo shinshina tawa ba zan ji haushi ba.” Haka na zama shugaban manoma mara gona, ina ɗingishi ina leƙa rumbunan mutane. Motar shekarar nan ta tafi Kano ba da ƙwayata ko guda ba, kuma ba ta juyo ba.

Gidan Baba kuwa aka shiga wake. Safe ƙosai, rana ɗanwake, dare wake da shinkafa, in an gaji a yi alala. Surukata ta roƙe shi ya kai kasuwa ya sayar kamar kowane wake, ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane, ci zai yi. Jikoki suka daina zuwa kwana. Abu in ta je gaisuwa da ƙunshin tuwo take tafiya a ɓoye ta miƙa wa uwarta.

Da damina ta zagayo na ɗauka an gama. Na haɗa ruwan bedina na zuba a injin goyo, wanda ban taɓa sa mashi maganin kanti ba, na nufi gona. Ina isa na tarar da Baba a gindin tsamiya, da tabarma da buta da gora. Ashe ya naɗa kanshi mai gadi. Ya riga ya kori malamin gona da ya zo wucewa, ya kori wani mai tallan magani har da jifa. Yana ganin injin a bayana ya miƙe ya tare hanya. Na durƙusa na ce, “Baba, bedi ne a ciki.” Ya ce, “Ko zamzam ne. Abin nan mai hannu ba zai ƙara shiga gonar nan ba ina raye. Ajiye shi nan.” To wa zai yi gardama da surukinshi? Na koma gida na ɗauko bokiti da tsintsiya. Haka na riƙa bin kunya-kunya ina tsoma tsintsiya ina yayyafawa, gona guda cur, shi yana zaune yana nuna mani inda na tsallake. Damina bayan damina muna haka, har masu gwaji suka ce ƙasar ta huce, gonar ta koma ƙungiya.

Kakar da wakena ya sake shiga mota, na ware mafi kyau, fari tas, ba huda, na cika buhu na ɗora wa jaki, na ce Abu ta raka shi gidansu ta ce wa Baba ga na farkon gonar da ya tsare. Na zauna a zaure ina jiran saƙon albarka.

Kafin la'asar sai ga jaki ya dawo da buhunshi a ɗaure yadda ya tafi, Abu na biye tana share ido da gefen mayafi. Na ce, “Lafiya? Ko ya yi fushi?”

Ta ce, “Ya buɗe ya duba, ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya sa maka albarka sosai. Sannan ya ce in faɗa maka, in dai kana ƙaunarshi tsakani da Allah, ka aiko da gero.”